Kukan Gauraka a Gidan Malam Mika'ilu

Ruwan ƙarshe na shekarar ya sauka da azahar, irin wanda manoma ke cewa na ban kwana ne, ya bar birnin Zariya da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin gasa masara. A wani gida a Kusfa, can cikin lungun da keke mai ƙafa uku ba ya iya shiga, Malam Mika'ilu yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, ya buɗe littafin da yake rubuta tsuntsayen da ya gani. 'Yarsa Radiya, wadda ita kaɗai Allah ya raya masa, tana tuƙa tuwo a madafa. Yayarsa Kulu, da kowa ke kira Gwaggo, tana ɓarar sabuwar gyaɗa a faifai. Ladan bai kira magariba ba tukuna, amma jemagu sun fara fita daga rimin bayan gida.

Dutse na farko ya faɗo a tsakiyar gida ba tare da ƙara mai yawa ba. Gwaggo ta ɗaga murya ta ja kunnen 'ya'yan maƙwabta, ba wanda ya amsa. Na biyu ya faɗo cikin faifanta, gyaɗa ta watse. Da ta ɗauke shi sai ta ji shi jiƙe, da sanyi, da gansakuka a jikinsa, yana warin taɓon da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. A Kusfa kuwa babu irin wannan dutse.

Na uku ya sauka a kan littafin Malam Mika'ilu, a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi. Da ya ɗaga shi, ruwan ya jiƙa layi ɗaya tak, wanda ya rubuta jiya da yamma: gauraka, mace, ɗaya.

Ya rufe littafin. Ya tura shi ƙarƙashin buzu.

Shi Malam Mika'ilu tsohon malamin makarantar sakandare ne, ya koyar da ilimin halittu shekara talatin da wani abu kafin ya yi ritaya. Yana da aboki, Harold, mutumin Wusasa, Kirista, tsohon akawu, mai yawan gardama da yawan kirki. Duk shekara idan damina ta fara janye jiki, kaka ta leƙo, sai su biyun su rataya madubin hangen nesa su nufi madatsar ruwan bayan gari, wadda kowa ke kira dam. Lokacin ne shamuwa ke taruwa don tafiya, baƙin tsuntsaye kuma ke saukowa daga ƙetaren hamada, a gajiye, a rame. Su zauna a kan tudu su ƙirga dinya da kirinjijiya da zalɓe, kowa da littafinsa. Masunta na yi musu dariya, wai ga tsofaffin da ke farautar da ba a ci.

A da can gauraka ba abin nema ba ne a ƙasar Zazzau. Masu shekaru sun san lokacin da ake jin kukansu da asuba daga kan ganuwa, garke guda suna wucewa zuwa fadama. Yaushe suka ƙare, babu wanda zai iya cewa ga ranar. Abin da ya rage a dam ɗin, shekara biyu kafin wannan labari, ko uku, Allah ne masani, miji da mata ne kawai. Wata safiya namijin ya yi kuka kusa da su, Malam Mika'ilu ya ɗauki muryar a wayarsa. Ba a yi wata guda ba wani maharbi ya harbe shi. Gashin kawai suka tarar a bakin ruwa.

Tun daga nan gardama ta shiga tsakanin abokan biyu. Harold ya ce macen ta bar ƙasar, ya ja layi a littafinsa. Malam Mika'ilu ya ce tana nan cikin dogayen ciyayin tsakiyar ruwa, ɓuya kawai take yi. A kakar nan sai ya zo da ƙaramar lasifika a aljihu, ya ajiye ta a bakin ciyawa, ya haɗa da wayar.

Harold ya gane abin da zai yi. Ya ce, "Mika, bari. Ba a yi wa tsuntsu ƙarya da muryar wanda ya mutu."

"Kai dai tsoro kake kar littafinka ya ji kunya, Akawu," in ji Malam Mika'ilu, yana dariya. Ya danna.

Kukan ya ratsa ruwan. Sai ciyawa ta dare, ta fito a guje, fukafukai a buɗe, tukkun kanta mai ruwan zinariya yana rawa. Ta zo har gaban lasifikar ta fara tsalle tana sunkuyar da kai, rawar da gauraka ke yi wa abokin zamansa kawai. Ta zagaya, ta duba bayan ciyawa, ta dawo, ta amsa kukan. Harold ya sauke madubinsa ya juya baya.

Hoton da ya ɗauke ta da wayar a ranar bai fita da kyau ba. Washegari Harold ya ƙi zuwa, Malam Mika'ilu ya koma shi kaɗai, hadari ya rufe haske. A rana ta uku ya bar muryar tana maimaita kanta har kusan faɗuwar rana, tsuntsuwar tana rawa har ta gaji ta tsaya tana haki, shi kuwa ya sami hoton da yake so.

Abin da ya sa laifin ya yi nauyi shi ne, da a ce wani ne ya yi, sai a ce bai sani ba. Shi ya sani. Matarsa Sailuba ta rasu bara. Mace ce da ba ta son waya, duk rayuwarta saƙon murya ɗaya ta taɓa aika masa, shi ma Radiya ce ta riƙe mata wayar. Cewa ta yi, "Malam, in za ka dawo ka biyo ta kasuwa ka taho da daddawa. Kuma don Allah kar ka bari magariba ta same ka a bakin ruwan nan." Daga nan sai 'yar dariya, sai tambayar da ta yi wa Radiya ko an gama. Ke nan. Kullum bayan ya idar da sallar magariba sai ya shiga ɗaki ya kara wayar a kunne ya saurara sau ɗaya, ya share ido, ya fito.

Kwana ɗaya bayan jifan, daidai lokacin da jemagu suka fara fita, aka yi magana daga wajen rijiyar gidan.

"Malam, in za ka dawo ka biyo ta kasuwa."

Butar hannun Malam Mika'ilu ta faɗi. Ya laluba aljihu, wayar tana nan a kashe. Muryar ta ci gaba har zuwa 'yar dariyar, ta tsaya, ta sake daga farko. Gwaggo ta fara salati. Radiya kuwa ta ajiye muciya, ta fito daga madafa, fuskarta a sake kamar ta yarinyar da aka dawo mata daga tafiya. Ta ce, "Umma?" Ta nufi rijiyar, ba da sauri ba, ba kuma da shakka ba. Har ta ɗora ƙafa ɗaya a kan bakin rijiyar kafin Gwaggo ta cafko zaninta, su biyun suka zube a ƙasa.

Aka rufe rijiyar da kwano, aka danne da manyan duwatsu. Da safe aka tarar da duwatsun a jere a gefe, kwanon a jingine da bango.

Radiya ta daina magana. Ta daina cin abinci, sai ruwa. Budurwa mai karatun aikin jinya, mai surutu da tsokanar mahaifinta, ta koma tsayuwa a tsakar gida a kan ƙafa ɗaya, ta naɗe ɗayar, wuyanta a miƙe, tana kallon gefen da dam yake. Idan yamma ta yi, muryar Sailuba ta taso daga rijiya, sai ta buɗe hannuwa ta fara tsalle tana sunkuyar da kai. Malam Mika'ilu ya san rawar. Yana da hotonta a aljihu. A yamma ta uku sai da maza biyu daga maƙwabta suka riƙe ta, kuma kukan da ya fito daga maƙogwaronta, tsofaffin unguwa da suka ji shi ta kan katanga sun ce rabonsu da jinsa a cikin birni tun suna yara.

Gwaggo ba ta nemi shawarar ƙaninta ba. Ta yafa mayafi ta taka har Ƙofar Galadima, gidan Malam Zaharaddini, wani dattijo masani da ake kai wa irin wannan lalura. Ya zo bayan la'asar, yana dogara sanda, da ƙaramin Alƙur'ani da gorar ruwa. Mutum ne marar ɗaga murya. Ya duba duwatsun jifan da aka tara, ya shinshina ɗaya, sannan ya tambayi mai gidan ko ya ɗauko wani abu daga bakin ruwa kwanan nan. Malam Mika'ilu ya ce shi bai taɓa ɗauko ko tsinke ba, kallo kawai yake yi. Dattijon ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce to.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar zaure ta ciki, aka zaunar da Radiya, Gwaggo na riƙe da kafaɗunta. Malam Zaharaddini ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida. Iska ta tsaya. Kaji suka shige akurki tun lokaci bai yi ba. Sai Radiya ta ɗago kai, ta karkata shi gefe guda kamar yadda tsuntsu ke kallo da ido ɗaya, ta yi magana da wata murya ta tsohuwar mace, busasshiya, mai sanyi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni ce mai laifi ba."

Ya tambaye ta ko wace ce. Ta ce sunanta ba abin bakin mutane ba ne. Ta ce ita da mijinta suna zaune a wannan kwari tun kafin a tare ruwan, da aka tare shi suka haƙura suka zauna a cikinsa, a cikin surar da ba ta tsorata kowa. Maharbin da ya kashe mijinta yunwa ce ta sa shi, ta ƙyale shi da Allah. Ya tambaye ta ko ta san Allah. Ta ce ta riga shi sanin Allah.

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi wancan mai kallo kawai."

Malam Mika'ilu ya sunkuyar da kai. Muryar ta ci gaba, ba ta ɗaga ba. Ta ce shekara biyu tana zaman takaba a cikin ciyawa, ba ta fito wa kowa ba. Irin nasu ba sa sauri kamar tsuntsayen gaske, ƙwai biyu mijinta ya bar mata, kuma sai bana suka fara motsi. Sai ta ji ya kira ta. Ta san ya mutu, da idonta ta ga jininsa, amma ta ji ya kira ta. Rana ta farko ta fita ta dawo. Ta biyu ta fita ta dawo. Ta uku aka yi ta kiranta ba a daina ba, ta yi rawa har ƙafafunta suka gaza, da ta koma sai ta tarar guza ya riga ta. Ɓawo kawai ya bari.

"Biyu na rasa. Shi 'ya ɗaya gare shi. Ko na kai ta ƙasan rijiya, ni ce da rangwame."

Gwaggo ta ƙanƙame yarinyar. Malam Zaharaddini ya juya ga mai gidan ya tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne, ya ce wallahi bai san da ƙwai ba.

"Ƙwai ba ka sani ba," in ji muryar. "Amma ka san abin da muryar mamaci ke yi wa wanda aka bari. Kullum da magariba kana yi wa kanka. Ka sani, ka danna."

Can sai dattijon ya ce an zalunce ta, shi ba zai ce ba a zalunce ta ba. Amma wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma ita da ta ce ta san Allah ta san haka. Ta tambaye shi ƙwayayenta laifin wa suka ɗauka. Ya ce ba shi da amsar wannan, amsarta tana wurin Wanda za su tsaya gabansa su duka. Abin da yake da shi karatu ne, kuma in ta ƙi sakin yarinyar zai ci gaba da shi har ɗayansu ya faɗi. Ya buɗe Alƙur'anin ya ci gaba. Radiya ta riƙa murɗewa, zufa na zuba, har muryar ta ce ya dakata.

Ta ce to a ba ta kunnuwan mutumin, ya kurumce. Malam Mika'ilu ya ce ya yarda, tun kafin a tambaye shi. Dattijon ya ɗaga masa hannu, ya ce ba jini, ba yanka, ba naƙasa jikin da Allah ya halitta. Amma in akwai abin da aka ɗauko daga gidanta ba da izininta ba, wannan hakkinta ne a mayar mata.

Kan Radiya ya karkata ɗaya gefen. "Muryar mijina. Tana aljihunsa."

Malam Mika'ilu ya ce zai goge ta yanzu, a gaban kowa.

"Kar ka kuskura. Ita kaɗai ta rage mini. Ka kawo mini abin da take ciki, gobe kafin rana ta faɗi, ka jefa inda ka ajiye ƙaryarka. Yadda yake. Ba a cire komai, ba a kwashe komai."

Sai a lokacin ya gane. Ya matso a kan gwiwa, tsoho mai furfura a gaban 'yar cikinsa, ya ce akwai saƙo guda a ciki, ko minti ɗaya bai cika ba, a bar shi ya tura wa wata wayar. Ta ce a'a. Ya ce to a bar shi ya saurara sau ɗaya. Ta ce ya saurara jiya, bai san na ƙarshe ba ne, kamar yadda ita ma ba ta sani ba. In ya buɗe, in ya tura, in ya sa wani ya ɗauka, za ta dawo, kuma ranar ba za ta tsaya magana da kowa ba.

Ya dubi Malam Zaharaddini. Dattijon ya kawar da kai. "Malam Mika'ilu, nan kuma ba ni da ta cewa. Ga 'yarka, ga wayarka."

Ya ciro wayar ya miƙa wa Gwaggo, don bai amince da hannunsa ba. Ta ɗaure ta a bakin zaninta, ƙulli uku. Aka sa mai maganar ta yi rantsuwa, ta yi. Ƙaramin yatsan ƙafar Radiya na hagu ya fara rawa shi kaɗai, ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin Gwaggo. Da ladan ya kira magariba, rijiya ta yi shiru. Yarinyar ta buɗe ido ta ce ƙafarta na ciwo, kuma wa ya bar tuwo ya ƙone.

Washegari bayan la'asar Harold ya raka Malam Mika'ilu dam. Bai ce ai na faɗa maka ba, ko da yake ya sha faɗin haka a kan abubuwan da ba su kai wannan ba. Ruwan ya cika har baki, shamuwa sun tafi, baƙin tsuntsaye ƙanana suna ta kiwo a taɓo. Gwaggo ce ta kwance ƙullin a ƙofar gida, tun daga nan wayar tana cikin hular Malam Mika'ilu, a hannu, ba ya kallonta. Ya tsaya a inda ya ajiye lasifikar. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya jefa. Ba ta yi ƙarar faɗawa ruwa ba, kamar an cafe.

Radiya ta warke, ta gama karatunta. Ba a sake jifa a gidan ba. Kalmomin saƙon suna nan a kan Malam Mika'ilu, daddawa da kasuwa da magariba, yana iya jera su. Sautin ne ya tafi. Yakan zauna bayan salla ya nemi yadda Sailuba ke jan kalmar Malam, sai ya ji muryar Gwaggo, ko ta Radiya, ko tasa.

Masunta suka fara cewa idan kaka ta shigo, da yamma, ana jin gauraki biyu suna amsa wa juna a tsakiyar ruwa, alhali ɗaya ake gani. Wasu suka ce bayan kukan akan ji wata mace tana magana a hankali, har da 'yar dariya. Da labarin ya iso Kusfa, Malam Mika'ilu ya sake rataya madubinsa. Bai ƙara rubuta komai a littafi ba. Zama kawai yake yi a kan tudu, ya karkata kunne wajen ciyawa. Yana jin dinya, yana jin kirinjijiya, yana jin faɗuwar kifi can nesa, don kunnensa lafiya lau. Wannan murya ɗaya ce kawai ba a ba shi.

Wata yamma suna zaune, rana ta yi ja, sai ya ga Harold ya ɗago kai, ya daskare, gashin hannunsa ya tashi. Malam Mika'ilu ya riƙe numfashi. Ba abin da ya ji sai ruwa yana lasar taɓo. Ya jira har fuskar abokinsa ta saki.

"Akawu, ita ce?"

Harold ya gyaɗa kai.

"Yaya muryar take?"

Harold ya buɗe baki, ya rasa yadda zai faɗa. Ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya miƙa masa hannu.

"Tashi mu tafi, Mika. Ta ce kar magariba ta same ka a nan."